Cire ruwa daga ƙirji: tambayoyin da marasa lafiya da masu jinya suka fi yi

Waɗannan tambayoyi ne da ke ta maimaituwa a bakin marasa lafiya da masu jinyarsu a jihar Kebbi, daga Birnin Kebbi har Argungu, Yawuri da Zuru, duk lokacin da likita ya ɗaga hoton ƙirji ya ce ruwa ya taru, sai an cire. An fara da masu sauƙi, sannan aka gangara zuwa masu zurfi. Amsoshin ba su kai ganin likitan da ya duba ka ba, amma za su sa ka san abin da za ka tambaye shi.

Ruwan nan a cikin huhu yake, ko a ina?

Ba a cikin huhu yake ba, kewaye da shi yake. Kowane huhu yana lulluɓe da wani siririn tantani, akwai kuma wani tantanin da ya shimfiɗu a jikin haƙarƙari ta ciki. Tsakanin su biyun Allah ya ajiye ɗan ruwa kaɗan, mililita 10 zuwa 20, domin huhu ya riƙa zamewa ba gogayya duk lokacin da aka ja numfashi. Kullum jiki yana samar da ruwan nan, yana kuma tsotse shi. Idan wata cuta ta sa samarwa ta fi tsotsewa, sai ya fara taruwa, kuma ɓangare ɗaya na ƙirjin babban mutum yana iya ɗaukar lita 2 ko 3, wani lokaci fiye. Haƙarƙari ba ya buɗewa ya ba ruwa wuri, don haka huhu ne ke matsewa.

Daga nan ne haki ke zuwa, da busasshen tari, da suka a haƙarƙari idan an ja dogon numfashi. Za ka ga mutum ya fi son kwanciya ta gefen da ke da ruwan, domin lafiyayyen huhun ya sami sarari. Idan likita ya ƙwanƙwasa bayan, wurin ba ya amsawa, sai ka ji dum-dum. Hoton ƙirji na gaba yakan nuna ruwan ne idan ya kai wajen mililita 200, na'urar sikanin kuwa tana ganin wanda bai kai haka ba.

Shan ruwan sanyi ko dukan ruwan sama ne ke kawo shi?

A'a. Ruwan da aka sha ciki yake tafiya, ba shi da hanyar shiga ƙirji. Kwana a ƙarƙashin fanka ko wanka da asuba lokacin hunturu ma ba su ne ba. Taruwar ruwan alama ce ta wata cuta, kuma gano cutar shi ne babban aiki.

A ƙasarmu, idan matashi ya zo da ruwa a ɓangare ɗaya, ga rama, ga zazzaɓin yamma da gumin dare, tarin tibi ake fara zargi. Sai nimoniya, wadda idan ba ta sami magani da wuri ba ruwan kan zama mugunya, musamman ga yara. Sai ciwon zuciya, wanda yakan tara ruwa a ɓangarorin biyu tare da kumburin ƙafa. Arewa maso yammacin Najeriya tana cikin wuraren da aka fi samun raunin zuciya bayan haihuwa a duniya, saboda haka mai jego da ke haki, ta kasa kwanciya sai a zaune, kada a ce gajiyar haihuwa ce. Kanwa da gishiri suna riƙe ruwa a jiki, kunun kanwa ba na irin wannan mai jegon ba ne. Ciwon ƙoda da lalacewar hanta su ma suna kawo shi, haka sankara, musamman ta mama da ta huhu. Wanda ya yi haɗarin mota ko babur, ko aka harbe shi ko aka soke shi, abin da ke taruwa a ƙirjinsa jini ne, kuma wannan aikin gaggawa ne.

Dole ne sai an cire? Ba a iya ba da maganin da zai busar da shi?

Ya danganta da abin da ya kawo shi. Ruwan ciwon zuciya yawanci maganin sa fitsari ke janye shi, ba a taɓa ƙirji sai idan ya ƙi ja ko numfashi ya tsananta. Ɗan ƙaramin ruwan da ya biyo nimoniya ma yakan tafi da kansa idan maganin ya kama.

Wurare uku ne ba makawa. Idan ba a san musabbabin ba, sai an ɗebi kaɗan, kamar mililita 50, a kai ɗakin gwaji. Idan ruwan ya yi yawa har yana hana numfashi, sai an rage shi. Idan kuwa mugunya ce ko jini, ba ƙwayar da za ta busar da su, sai an fitar. Masu zuwa kemis a rubuta musu maganin fitsari saboda ruwan tibi ko na mugunya, jikinsu kawai suke busarwa, abin da ke ƙirji yana nan daram.

Mutane suna cewa wanda aka cire wa ruwa ba ya tashi. Gaskiya ne?

Wannan magana ta hana mutane da yawa sa hannu a takardar amincewa, har wasu su ɗauke mara lafiyarsu da dare. Ga inda ta samo asali: yawancin waɗanda ake kawowa an riga an sha wahala da su a gida wata da watanni, an yi jiƙe-jiƙe, an yi hayaƙi, sai da numfashi ya kusa ɗaukewa aka nemi mota. Wasu kuma sankara ce ta riga ta yi nisa. Idan irin wannan ya rasu kwana biyu bayan an cire ruwa, sai dangi su ɗora wa allura, alhali cutar da ta tara ruwan ce ta kai shi.

Aikin yana da haɗarinsa, kuma an jera su a ƙasa ba ɓoye-ɓoye. Amma a ganina, a wannan yanki namu jinkiri ya fi allura ɓarna nesa ba kusa ba. Ruwan da ya daɗe yana kauri, yana rarrabuwa aljihu-aljihu, tantanin ya yi tauri ya ɗaure huhu. Abin da allura za ta gama cikin rabin awa a makon farko, bayan wata biyu sai tiyata.

Mene ne bambancin cirewa da allura da kuma sa roba?

Da allura, ana shiga a zuƙo ruwan a fita, a manna filasta, shi ke nan. Wasu ma a ranar suke komawa gida. Wannan ya dace da gwaji da kuma ruwa mai tsarki wanda ba shi da kauri.

Roba kuwa tiyo ne da ake sakawa ta gefen ƙirji, ƙasa da hammata, yawanci tsakanin haƙarƙari na 4 da na 5 ko na 5 da na 6. Ana ɗinke shi da fata, a haɗa shi da kwalba mai ruwa da ke ajiye a ƙasa, ya yi kwanaki yana tsiyaya. Shi ake yi wa mugunya, da jini, da iskar da ta taru, da ruwan da ya yi yawa ƙwarai. Mai roba sai an kwantar da shi. Yadda ake kula da kwalbar yana cikin amsar da aka yi wa masu jinya.

Yaya ake yin na allurar, kuma da zafi?

Za a zaunar da kai a bakin gado, a sa tebur da matashi a gabanka, ka rungume matashin ka ɗan sunkuya, domin haƙarƙarin baya ya buɗe. Wanda ba ya iya zama ana yi masa a kishingiɗe. Likita zai ƙwanƙwasa ko ya ɗora sikanin ya ga inda ruwan ya fi zurfi, ya yi alama, ya wanke wurin da maganin kashe ƙwayoyin cuta, sannan ya yi allurar kashe zafi. Ita ce ke da raɗaɗi na ɗan lokaci. Bayan ta kama, abin da za ka ji dannawa ce kawai. Ana shigar da allurar ne ta saman haƙarƙari, tana gogar ƙashin, domin jijiyar jini da jijiyar ji suna bin ƙarƙashin kowane haƙarƙari.

Naka aikin shi ne kada ka motsa. Idan tari ya taso, ko jiri, ko ka ji ƙirji ya ɗaure, ka faɗa ko ka ɗaga yatsa, kada ka daure don kunya. Dattawanmu sun iya wannan daurewar, a tambayi Baba ya ce lafiya lau alhali gumi na keto masa. A nan jarumta ba ta da amfani, domin abin da kake ji shi ke gaya wa likita lokacin tsayawa. Duka aikin bai cika wuce minti 15 zuwa 30 ba.

Me ya kamata in gaya wa likita kafin a fara?

Duk maganin da kake sha, musamman masu tsinka jini irin su wafarin da asfirin, waɗanda masu ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki ke yawan sha. Kada ka daina su da kanka, likita ne zai ce a tsaya ko a ci gaba. Ka faɗi idan jini na daɗewa bai tsaya maka ba, ko kana da ciwon hanta ko ƙoda, ko allurar kashe zafi ta taɓa yi maka illa wajen cire haƙori ko ɗinki. Mace ta faɗi idan tana da ciki, saboda hoton ƙirji. Maganin gargajiya ma a ambace shi, ba wanda zai yi faɗa.

Me ya sa likita ya tsaya alhali ruwa bai ƙare ba?

Ba rowa ba ce, ba kuma don a sake karɓar kuɗi ba. Ƙa'ida ita ce kada a wuce lita 1 zuwa lita 1 da rabi a zama ɗaya, wato ledar fiya wata biyu zuwa uku. Huhun da ya daɗe a matse, idan aka sake shi farat ɗaya, ƙananan jijiyoyinsa kan yi yoyo, ruwa ya cika cikin huhun kansa. Mutum ya kama tari ba ƙaƙƙautawa, kumfa na fita, numfashi ya fi na da tsanani. Abin bai cika faruwa ba, bai kai mutum 1 cikin 100 ba, amma idan ya zo da ƙarfi yana kisa. Ya fi samun matasa da waɗanda huhunsu ya yi kwanaki a matse. Maganinsa iskar oksijin da sa ido, yawanci yakan lafa cikin 'yan kwanaki.

Shi ya sa ko mai roba, idan ruwa ya zubo da yawa a awa ta farko, nas kan matse tiyon na ɗan lokaci bisa umarnin likita, sannan a sake buɗewa. Wannan aikin ma'aikata ne kaɗai, kamar yadda za a yi bayani a amsar kwalba da ke ƙasa.

An ce iska na iya shiga ƙirji. Yaya abin yake?

Wannan ce aka fi gani cikin manyan matsalolin aikin. Wani babban nazari da aka wallafa a 2010, wanda ya haɗa bincike da dama, ya nuna tana samun kimanin mutum 6 cikin 100, kuma adadin yana raguwa sosai idan an yi aikin da sikanin, a hannun wanda ya saba. Hanyoyinta uku ne: bakin allura ya taɓa huhu, ko iskar waje ta bi ta allurar ta shiga, ko kuma huhun ya riga ya ɗaure ba ya iya buɗewa, sai iska ta cike gurbin da ruwa ya bari.

Yawancinta kaɗan ce, jiki ke shanye ta cikin kwanaki, ba a yin komai sai maimaita hoto. Idan ta yi yawa sai a sa roba. Mai haɗarin ita ce wadda ke ta shiga ba ta fita, har ta ture zuciya gefe. Alamominta ba sa ɓuya: numfashi na ƙara tsananta minti bayan minti, suka mai tsanani a ƙirji, gumi, leɓe ya canja launi, mutum ya rikice. Wanda ya ga haka ya kira ma'aikaci nan take, ko da tsakar dare ne, ko da nas ɗin ta ɗan runtsa. Idan kuma an riga an koma gida, asibiti mafi kusa za a nufa, ba sai wanda aka yi aikin ba.

Allurar ba za ta soki zuciya ko hanta ba? Jini fa?

Hanta tana dama ƙarƙashin haƙarƙari, saifa tana hagu, kuma idan aka yi ƙasa da yawa ana iya taɓa su. Don haka ne ba a sauka ƙasa da haƙarƙari na 9, kuma babban amfanin sikanin ke nan: likita yana ganin inda ruwa ya ƙare da inda hanta ta fara. Idan asibitin na da na'urar, ba rashin kunya ba ne ka roƙi a duba da ita kafin a soka. Zuciya tana gaba, nesa da inda ake shiga da allura ta baya.

Ɗan jini a bakin wurin ko kumburi a fata ba komai ba ne. Abin tsoro shi ne a yanki jijiyar da ke bin haƙarƙari, jini ya riƙa zuba a ciki ba a gani. Wannan da wuya yake faruwa, ya fi barazana ga tsofaffi da masu shan maganin tsinka jini. Jiri, da bugun zuciya da sauri, da tafin hannu ya yi fari, da haki sabo bayan awa ɗaya ko biyu, su ne alamunsa. Amma a lura, ruwan da ya fito ja tun farko ba lalle likita ne ya jawo ba, ruwan sankara da na rauni da ma haka suke fitowa.

Akwai wasu ƙananan matsaloli?

Akwai. Tari yayin da huhu ke buɗewa, ciwo a wurin na kwana ɗaya ko biyu wanda farasitamol ke kwantarwa, ciwon kafaɗa, da jiri ko ɗan suma saboda tsoro. Wani lokaci a soka ruwa ya ƙi fitowa, don ya yi kauri ko ya rarrabu, sai a canja wuri. Mai roba kan sami iska a ƙarƙashin fata, ka danna kusa da wurin ka ji ƙas-ƙas. Idan kaɗan ce tana bajewa, idan tana hawa wuya da fuska a gaya wa likita, alama ce tiyon ya toshe ko ya zame. Ƙwayoyin cuta ma na iya bin wurin su shiga, shi ya sa ba a buɗe bandeji a nuna wa 'yan dubiya.

Ni ke jinyar mahaifinmu, an sa masa roba. Me zan kula da shi game da kwalbar?

Ka fara gane yadda take aiki. Bakin tiyon yana nutse cikin ruwan kwalbar da kimanin santimita 2. Abin da ke ƙirji yana iya fita ta cikin ruwan, amma iskar waje ba ta iya komawa. Wani likitan Jamus mai suna Gotthard Bülau ne ya fito da dabarar a 1875, kuma har yau ita ake bi. Duk abin da zai fitar da bakin tiyon daga cikin ruwa ya buɗe wa iska ƙofa.

Saboda haka kwalba tana zama a tsaye, a ƙasa da ƙirji, kullum. Ba a ɗora ta kan gado, ba a ɗaga ta don a yi shara, domin abin da ke ciki zai koma ƙirji. Idan Baba zai zaga bayi, ka riƙe ta a ƙasa da ƙugunsa kuna tafiya tare. Idan an tura ku wani asibiti, misali daga Zuru ko Yawuri zuwa Birnin Kebbi, a kafa ta tsakanin ƙafafu a ƙasan mota, wani ya riƙe ta saboda gargada, ba a kan cinya ba. Kuma kada ka zubar da abin da ke ciki. Wannan kuskuren masu jinya masu ƙwazo ne suka fi yin sa: gari ya waye, an wanke kwanuka, an zubar da fo, sai a ga kwalba ta yi ƙazanta a kwance ta a ɗauraye. Ban da iskar da za ta shiga, an kuma ɓatar da lissafin da likita ke jira, domin yawan abin da ya fita cikin awa 24 shi ke nuna lokacin cire roba.

Ka riƙa duba tiyon kada ya lanƙwashe ko Baba ya kwanta a kansa. Ruwan da ke cikinsa yana hawa da sauka tare da numfashi, wannan alamar lafiya ce. Idan ya tsaya cik, ko kumfa ta fara tashi ba tsayawa, ko jini ja ya fara zuba da sauri, ka kira nas. Kada ka taɓa ɗaure tiyon ko ka matse shi da kanka, musamman idan yana kumfa, domin iskar da ta rasa mafita ita ce mai ture zuciya da aka ambata a amsar shigar iska.

Idan robar ta fita ko ta rabu da kwalba fa?

Idan ta zare daga jiki gaba ɗaya, ka danne ramin da auduga mai tsabta ko tafin hannu, wani ya ruga ya kira ma'aikaci. Kada ka yi ƙoƙarin mayar da ita. Idan a mahaɗa ta rabu, ka mayar ka haɗa nan take, sannan ka faɗa, ko da kana ganin ba abin da ya faru. Haka idan kwalba ta faɗi: a tayar da ita tsaye, a sanar.

Kwana nawa roba ke yi, kuma cire ta da zafi?

Ruwa mai tsarki ko iska, kwana 2 zuwa 5 sukan isa. Mugunya takan kai mako ɗaya ko biyu, har fiye. Ana cirewa idan abin da ke fita ya ragu sosai, kumfa ta tsaya, hoto ya nuna huhu ya buɗe. Za a ce ka ja numfashi ka riƙe, ko ka fitar ka riƙe, a zare cikin daƙiƙa kaɗan a ɗaure zaren. Akwai ɗan zafi, amma gajere ne. Abin da ke gaggauta ranar shi ne tashi zaune, da takawa, da jan dogon numfashi, da yin tari ko da yana ciwo. Wanda ya lafe a gado yana tsoron motsi, nasa ya fi daɗewa. Idan ciwo ne ke hana ka, ka nemi a ƙara maganin ciwo.

Me ake nema a ruwan da aka kai gwaji? An ce ba a ga tibi ba, amma an ɗora ni kan maganinsa.

Tun daga ido ake farawa: ruwan ɗorawa garau, ko ja, ko mugunya mai wari. A ɗakin gwaji ana auna sinadarin furotin na ruwan a gwada da na jini. Idan na ruwan ya haura rabin na jini, alama ce tantanin kansa ke da cuta, kamar tibi, nimoniya ko sankara. Idan bai kai ba, an fi zargin zuciya, hanta ko ƙoda. Wannan yana cikin ma'aunin da likita Richard Light na Amurka ya fitar a 1972. Ana kuma duba irin ƙwayoyin jinin da ke ciki, da ƙwayoyin cuta, da na sankara.

Game da tibi, ƙwayoyinsa kaɗan ne a cikin ruwan, domin yawancin ruwan martanin jiki ne. Na'urar GeneXpert, wadda ta ƙware a gwajin kaki, takan kasa ganinsu a ruwan ƙirji a fiye da rabin masu cutar. Don haka likita kan haɗa shekarunka, da alamominka, da irin ruwan, da gwajin kaki, wani lokaci da ɗan yankin tantanin, ya yanke hukunci. Maganin wata 6 ne, wata 2 na farko da magani huɗu, wata 4 da biyu, kuma kyauta ne a cibiyoyin tibi na gwamnati. Fitsari zai yi ja saboda rifamfisin, ɗaya daga cikin magungunan, ba jini ba ne. Za a yi maka gwajin cutar ƙanjamau, kowane mai tibi ake yi wa, ba zargi ba ne. Idan an yi wata biyu ba sauƙi, ka koma a sake bincike.

Yarona ɗan shekara 3 ne, an ce mugunya ce. Bai yi ƙanƙanta da roba ba?

Bai yi ba, har jarirai ana sa wa, akwai tiyo daidai jikinsu. Labarin kusan iri ɗaya ne: yaro ya yi ƙyanda ko nimoniya, an sayo sirof a kemis, zazzaɓi ya ƙi sauka har mako biyu, ya daina cin abinci, yana tafiya a karkace ta gefen da ke ciwo. Irin wannan sai roba tare da allurar kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya, sannan a ci gaba da na sha na makonni. Abin farin ciki, huhun yara yana komawa daidai fiye da na manya, ko da hoton ya ɗauki watanni kafin ya washe. Uwa ta ci gaba da ba da nono da abinci mai gina jiki, ta kuma kula da hannunsa, don yara na jan tiyo. Ga ƙannensa kuwa, rigakafin nimoniya da aka fara shigarwa jadawalin Najeriya a 2014 ana yin sa a mako 6, 10 da 14, na ƙyanda a wata 9.

Wanzami ba zai iya yin ƙaho ko sakiya ya fitar ba?

Ƙaho jinin fata yake ja, ba ya kaiwa bayan haƙarƙari. Sakiya kuwa ta fi muni. Mugunyar da ta daɗe a ƙirji wani lokaci takan huda ta tsakanin haƙarƙari ta kumburo kamar maruru, sai a ɗauka ƙurji ne a kira wanzami. Idan ya huda, ya buɗe hanya kai tsaye tsakanin waje da huhu, ba kwalbar da za ta tare iska, ga sababbin ƙwayoyin cuta. Duk kumburin da ke jikin haƙarƙarin mai tari da haki, hoto ake fara yi masa.

"Likita, ruwan ga in an ɗebe shi, shina dawowa?"

Idan an magance abin da ya kawo shi, ba ya dawowa. Na tibi da na nimoniya sukan tafi ke nan. Na zuciya, hanta da ƙoda yana dawowa idan an saki magani ko an koma wa gishiri. Na sankara ne mai naci, yakan sake cika cikin makonni. Cirewar ba ita ke jawo shi ba, maɓuɓɓugar ce ba ta toshe ba.

Ga mai naci akwai dabarar manne tantanin biyu: bayan an tsiyaye ruwan ta roba, a zuba wani magani, galibi hodar talk ta asibiti, tantanin su haɗe ruwa ya rasa wurin zama. Tana kawo zazzaɓi da ciwo na kwana ɗaya ko biyu, kuma ba ta aiki sai huhu na iya buɗewa. Wanda huhunsa ya ɗaure saboda tsohuwar mugunya, tiyata ake yi a ɓare ɓawon da ya rufe shi. Ka ga dalilin da ya sa aka matsa kan illar jinkiri tun a baya.

Salla, wanka da azumi fa?

Mai roba yana salla a zaune ko a kishingiɗe, yana nuni, ba sai ya kai goshi ƙasa ba, don sunkuyawa na jan tiyo. Alwala ba ta taɓa wurin. Wanka kuwa sai dai goge jiki, kada bandeji ya jiƙe, kuma inda wanka ya wajaba malamai sun yi bayanin taimama. Wanda aka yi wa da allura yana iya wanka bayan awa 24. Azumi, mara lafiya yana da rangwame ya rama daga baya, kuma mai mugunya ko mai shan maganin fitsari bai kamata ya matsa wa kansa ba. Mai maganin tibi da ya ji sauƙi ya tambayi cibiyarsa yadda zai mayar da shan maganin lokacin sahur, kada dai ya tsallake.

A ina ake yin aikin a Kebbi, kuma bayan sallama me zan kiyaye?

Asibitin tarayya da ke Birnin Kebbi da asibitin Sir Yahaya suna karɓar irin waɗannan marasa lafiya, manyan asibitocin gwamnati na garuruwa kuma sukan duba su tura idan abin ya fi ƙarfinsu. Wanda ke buƙatar tiyatar ƙirji akan tura shi asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato. Maganin tibi kyauta ne, amma hoto da roba da kwalba galibi saye ake yi, sai a tambayi kuɗinsu tun farko, mai rajista da hukumar inshorar lafiya ta jiha, KECHEMA, kuma ya nuna katinsa. Duk inda za ka, ka tafi da tsofaffin hotunanka da takardun gwaji, kada a naɗe hoton ko a bar shi a rana.

A gida, ka huta da ɗaukar kaya masu nauyi da huɗa na mako ɗaya ko biyu idan roba aka cire maka, zaren kuma ana warware shi bayan kamar mako ɗaya. Ka koma asibiti ba jira idan haki ya dawo, ko zazzaɓi, ko tari da jini, ko wurin ya yi ja yana fitar da mugunya. Wanda iska ta shiga ƙirjinsa ba ya hawa jirgin sama sai hoto ya tabbatar ta baje, sannan a ƙara aƙalla mako ɗaya, domin iskar da ta rage tana kumbura a sama. Maniyyata Hajji da Umara su gaya wa likitan tawaga. Masunta na Argungu da Yawuri masu nutso su ma kada su koma ruwa sai likita ya ga sabon hoto ya ba su izini.